Yadda Ake Tafiyar Ayari da Tsohuwar Mota Daga Wannan Baje Koli Zuwa Wancan

Kusan kowace shekara, galibi a watan Yuni, dubban tsofaffin motoci kan fito kan titunan Amurka domin tafiyar da ake kira Hot Rod Power Tour, wadda mujallar Hot Rod ta fara shiryawa a 1995. Kowace rana da garin da za a yada zango. A tashi da safe a yi tafiyar 'yan sa'o'i, a isa wani filin tseren motoci ko babban filin taro, a jera motoci jama'a su sha kallo har yamma, a kwana, gari ya waye a nufi gari na gaba. Bowling Green ta jihar Kentucky da Nashville da Indianapolis suna cikin garuruwan da aka sha sauka. Da can kwana bakwai ake yi, a shekarun baya-bayan nan aka mayar da shi kwana biyar, kuma wanda ya yi tafiyar tun daga farko har ƙarshe yana da wata daraja ta daban a wurin 'yan uwansa masu wannan sha'awa.

Da wannan tafiya zan yi misali, amma abin da zan faɗa ya shafi duk wani ayarin tsofaffin motoci. Wanda ya taso ya ga Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna a da, ya ga direban tasha yana buɗe bonet da asuba yana duba ruwa da baƙin mai kafin ya yi lodi, to ya riga ya san rabin karatun. Motocin Chevrolet da Ford da Dodge na shekarun 1960 da farkon 1970 galibi da kabireta suke aiki, da kwantak da distiributa masu kai wuta ga filogi, kuma ciwonsu iri ɗaya ne. Abin da yake damuna shi ne yadda mutum zai kashe wata guda yana goge fenti da sheƙin ƙarafa, bai taɓa leƙa ƙarƙashin motar ba. Fenti bai taɓa kai kowa zango ba. Taya da birki da ruwan lagireto da tsarin ayari su ne tafiyar, don haka a kansu zan fi daɗewa.

Wata uku kafin tashi: taya da birki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara da wata uku a hannunka, domin kayan gyaran tsohuwar mota sau da yawa sai an yi oda, wani lokaci kuma abin da aka aiko bai dace ba sai an mayar.

Durƙusa gefen kowace taya ka nemi rubutun da ya fara da DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2317, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2017. Idan lambobi uku ka gani, tayar ta girmi shekarar 2000, cire ta yau. Tsohuwar mota ba ta yawan fita, shi ya sa za ka ga zanen tayarta raɗau kamar sabuwa alhali robar ta bushe daga ciki. Irin wannan tayar tana iya yin shekaru tana kai ka kasuwa lafiya, sai ranar da ta yi awa biyu tana gudu a kan kwalta mai zafi ta ɓare. Kamfanonin taya da yawa sun sa shekara goma a matsayin iyaka. Ni dai don doguwar tafiyar bazara ba na yarda da wadda ta haura shida ko bakwai. Safaya ma taya ce, a duba shekarunta da iskarta, a kuma tabbata jak ɗin da ke cikin but yana ɗaga motar da gaske.

Sai birki. Buɗe murfin masta, wato inda ake zuba man birki, ka duba: tukunya ɗaya ce ko biyu? Daga 1968 dokar Amurka ta wajabta birki mai layi biyu, yadda idan bututu ɗaya ya fashe sauran tayoyi biyu za su kama. Motocin da suka girmi haka da yawa layi ɗaya gare su, kuma hos guda ya tsage ke nan ƙafarka ta tafi har ƙasa babu komai. Idan taka irin wannan ce, ina ba ka shawara ka mayar da ita mai layi biyu, ka adana tsohon mastan a kwali don ranar da mai son komai na asali zai tambaya. Man birki nau'in DOT 3 da DOT 4 yana shan danshin iska, idan ya sha kuma yana saurin tafasa, saboda haka in ya haura shekara biyu a zubar a zuba sabo. Kada ka gauraya su da DOT 5, wannan jinsinsa daban ne. Hos ɗin roba na kowace ƙafa, lanƙwasa shi da yatsa ka duba ko ya fara tsattsagewa. A cire durom a ga kaurin layinin, wato fatar birkin da ke goga durom, a ga ko akwai jiƙewar mai a bayan silinda. Tunda an riga an cire, a wanke boris ɗin gaba a cusa masa sabon giris. Birkin hannu kuma ya kama, domin a motar layi ɗaya shi ne abin da ya rage maka.

Motar da ta girmi 1968 wataƙila ba ta da bel ɗin kujera ko kaɗan. A sa.

Zafi da fetur, abokan gāba biyu

Mafi yawan motocin da za ka gani a gefen titi da bonet a buɗe ba gudu ne ya kayar da su ba, layin shiga fili ne. Motoci ɗaruruwa sun iso lokaci guda, ƙofa ɗaya ko biyu, rana ta take, ana tafiya taku ɗaya a tsaya. Fankar tsohuwar mota injin ne ke juya ta, in yana silo ita ma a hankali take juyawa, ga shi babu iskar gudu da ke ratsa lagireto. A nan ake gane wanda ya shirya.

A wanke lagireto ciki da waje. In tsatsa ta toshe shi a kai wa masu gyara su buɗe shi, ruwan wanki na kwalba ba zai yi ba. Matsa hos na sama da na ƙasa da hannu. Wanda ya yi laushi kamar dafaffen abu ko ya ƙandare, a sauya shi da kilif ɗinsa. Murfin lagireto ƙaramin abu ne mai arha, amma shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Sayi sabo daidai da ƙarfin da aka rubuta wa motarka, kada ka ƙara, domin tsohon lagireto da hita ba su jure matsin da ya wuce nasu. Ruwan kuma rabi da rabi ne, ruwa mai tsabta da ruwan sanyaya inji. Idan an taɓa cire kwanon da ke kewaye fanka, nemo shi ka mayar, shi ke tilasta wa iska bi ta cikin lagireto maimakon ta zagaye.

Akwai wata al'ada da na san da yawa daga cikin makanikanmu na gida suna da ita, wato cire tamostat, abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi, a jefar wai don mota ta daina zafi. Ban goyi bayanta ba. Motar da ke tafasa da tamostat mai lafiya tana da wata cuta a wani wuri, cire shi ɓoye cutar ne kawai. Sa sabo mai buɗewa a digiri 82, wato 180 a ma'aunin Fahrenheit da gejin motocin Amurka ke nunawa. In motar fitilar gargaɗi kawai gare ta, ɗaura mata gejin zafi na gaske ko da a ƙarƙashin dashbod ne. Allura tsakanin 180 da 200 lafiya lau. Ta haura 220 tana ci gaba da hawa, lokacin neman wurin tsayawa ya yi.

Fetur ɗin da ake sayarwa a yawancin gidajen man Amurka yana da sinadarin etanol kashi 10 cikin ɗari. Motocin da aka ƙera kafin zuwansa ba a yi robobinsu dominsa ba: yana cinye tsohon hos, yana lalata fatar famfon mai, yana kankaro dattin da ya shekara kwance a tanki ya turo shi kabireta. Sauya duk hos ɗin mai da na zamani mai jure etanol, har da ɗan guntun nan na kusa da tanki da kowa ke mantawa. Sa sabuwar filta, ka riƙe biyu a but. A bakin famfo kuma ka karanta kafin ka zuba: E15, mai etanol har kashi 15, an amince da shi ne ga motocin 2001 zuwa sama, E85 kuwa, wanda mafi yawansa etanol ne, ko kusa kada ka je. Inda ka samu fetur marar etanol, sha abinka.

Wannan fetur yana kuma saurin tafasa. Idan zafin inji ya dafa bututun mai, fetur ya zama tururi, famfo ya kasa tura shi, sai ka ji mota tana shessheƙa ta mutu a tsakiyar layi. Rigakafinsa shi ne a nisanta bututun daga salansa da jikin inji, a naɗe shi da abin tare zafi, a sa faifan da ke raba kabireta da zafin inji a ƙarƙashinta. Wasu kan ƙara famfon lantarki kusa da tanki. Yana taimakawa ƙwarai, amma a haɗa shi yadda zai yanke da kansa idan inji ya mutu, don kada a yi hatsari ya ci gaba da feso mai.

Wuta, baƙin mai, da gwaji

Sa mitar auna wuta a kan batir. Mota a kashe ya nuna wajen volt 12.6, tana aiki ya nuna tsakanin 13.8 da 14.4. Ƙasa da haka otaneto ko janareto ba ya caji yadda ya kamata. A ɗaure batir da ƙarfensa, a kankare kawunansa, a duba wayar da ta haɗa inji da jikin mota. Sabon kwantak da kondensa da rota da filogi, a daidaita tazara da taimin yadda littafin motar ya ce. In ka sa mata tsarin wutar filogi na zamani marar kwantak, madalla, amma ka ɗauko tsofaffin kayan a leda. Na zamani in ya mutu ba ya gyaruwa a gefen titi, kwantak kuwa da sukudireba ake tashinsa. Fitilun birki da sigina su kama sosai, domin na tsofaffin motoci ƙanana ne kuma dishi-dishi, mai bin ka da rana da ƙyar yake ganinsu.

Injinan wancan zamani da yawa suna bukatar baƙin mai mai isasshen sinadarin zinc don kare kamshaf, man zamani kuwa an rage masa. Nemi wanda aka yi domin tsofaffin injina. Man giya da na aksul ɗin baya ma a duba su, ba wanda ke tuna su sai sun fara kuka.

Duk wannan aiki ya ƙare saura wata guda. Sannan ka gwada ta da gaske: tafiyar awa uku ko huɗu a babbar hanya da irin gudun da za a yi, da kaya a but, da rana tsaka. Ka dawo gida kada ka kashe ta, bar ta tana silo minti talatin a rana kana kallon geji. Kashe ta, jira minti goma, sake tayarwa. Abin da zai ba ka kunya a ƙofar fili zai nuna kansa a ƙofar gidanka, inda gyaransa ke da sauƙi. A wannan gwaji ne kuma za ka san mil nawa take yi a galan, da yawan baƙin man da take sha, da gudun da take jin daɗinsa. Daga nan kada ka sake taɓa wani babban abu. Sabuwar kabireta da aka ɗaura saura kwana biyu ta fi tsohuwar da ka san halinta haɗari.

Abin da zai shiga but

Kada ka kwashe gareji. Ɗauki abin da in ya lalace zai tsayar da kai, wanda kuma shagon kayan gyara na ƙaramin gari ba zai samu a ranar ba: fambel, hos na sama da na ƙasa, famfon mai, kwayil, kayan distiributa, fis, ƙwan fitila, guntun hos ɗin mai da kilif, waya da salatif. Sai galan na ruwa, baƙin mai, man birki. Sifanu su zama na ma'aunin motarka, na Amurka inci ne, na Japan da yawancin Turai milimita. Tocila, safar hannu, tsumma, waigi, wayar jona batir, alamar gargaɗi mai kusurwa uku, da kwali shimfiɗaɗɗe wanda amfaninsa zai zo a gaba. Abin kashe gobara kuwa ba a but yake zama ba. A ɗaure shi inda hannunka zai kai kana zaune, domin gobarar kabireta ba ta jiran ka nemo makulli.

Ta fannin takardu, kira kamfanin inshorarka ka tambaya ƙarara ko sun yarda da tafiya mai nisa haka, tunda inshorar motocin tarihi takan zo da iyakar mil ko sharaɗin amfani, haka ma lambar motar tarihi a wasu jihohi. Ka tanadi yarjejeniyar janwe mai nisa, ka kuma nemi irin wanda ake ɗora mota a bayansa ɗungurungum. Ɗakin kwana a kama shi da zarar an sanar da garuruwa, don otal-otal na kusa da fili kan cika tun da watanni.

Tsara ayari

Dubban motoci ba sa tafiya a layi ɗaya. Kowa da 'yan ƙungiyarsa, kuma mota huɗu zuwa takwas ita ce daidai. Fiye da haka danja ɗaya ta raba ku, gidan mai ɗaya ba ya ɗaukarku.

Fataken da suka bi hanyar Gwanja da jakuna sun san abin da ake bukata: madugu mai yanke shawara, jagaba a gaba wanda ya san hanya, da wani a baya mai tattaro wanda ya gaza. Haka za ku yi. Motar gaba ta kasance da mutum biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na duba taswira da waya. Motar da ta fi kowa rauni ko rashin gudu ita ce ta biyu, dab da jagaba, don da ita za a auna tafiya. Mutane kan so su jefa ta can baya, kuma kuskure ne babba, domin na baya kullum shi ke gudu fiye da kowa don ya cike tazara. Baya wurin mota mafi lafiya ne, mai kayan aiki da wanda ya iya riƙe sifana. In akwai wanda ya zo da motar zamani ko a-kori-kura, nan ne wurinsa.

Doka ɗaya ta fi sauran: kowa shi ke da alhakin motar da ke bayansa. Ido a madubi. In ka daina ganinsa ka rage gudu, na gabanka zai ga ka rage shi ma ya rage, har labari ya kai ga jagaba ba tare da an yi magana ba. In an zo kwana, kada ka shige sai ka tabbata na bayanka ya ga inda ka bi. Wanda kuwa ya sa ido a kan na gaba kawai, shi ne zai ƙetare jar danja don kada a bar shi.

Kafin a tayar da mota kowace safiya a tsaya minti biyar a tsaitsaye. A faɗi hanya, a faɗi gidan man da za a tsaya, a faɗi inda za a haɗu in an rabu, kowa ya sa adireshin a wayarsa ya kuma riƙe shi a takarda, don akwai ƙauyukan da sabis ke ɗaukewa. Ƙananan rediyon hannu na FRS ba sa bukatar lasisi kuma sun fi waya sauri. Na GMRS sun fi nisa amma sai da lasisi. Zancen mai kuma da motar da ta fi ƙaramin tanki ko ta fi zuƙa ake lissafi. Manyan injinan V8 da yawa ba sa wuce mil 12 zuwa 15 a galan, galan ɗin Amurka kuwa bai kai lita 4 ba. Gejin mai na tsohuwar mota ba abin amincewa ba ne, da mil ake ƙirga. In an tsaya kowa ya cika, har wanda yake ganin yana da saura.

Idan kai mai salla ne, faɗa wa madugu tun ranar farko don a haɗa tsayuwar mai da lokacinka. Ranakun Yuni a can dogaye ne, kuma sauƙin da aka yi wa matafiyi na ƙasaru yana nan. Guzurin abinci ma ka riƙe naka, domin abin da ake sayarwa a filayen nan naman alade ya yi yawa a ciki.

A kan hanya

Ayari ba shi da wani haƙƙi na musamman a doka. Ba a tare mahaɗa don 'yan uwa su wuce, ba a hana wata mota shiga tsakani. A babbar hanya ku zauna a hannun dama, ku bar tazarar da mai son fita ko shiga zai samu wuri. Tsakaninka da na gaba a ƙalla daƙiƙa huɗu: ya wuce wata alama, ka ƙirga huɗu kafin ka iso ta. Birkin durom ba ya tsayawa kamar na zamani, kuma direban da ya faɗo gabanka ya taka birki bai san haka ba.

Motocin da yawa ba su da giyar sauƙaƙa gudu, a mil 70 cikin awa injin yana ihu sama da juyi 3,000 a minti. Ba dole. Mil 55 zuwa 60 ya ishe ku, shi ya sa ma hanyoyin cikin karkara suka fi daɗin wannan tafiya, ga mutanen gari sun fito da kujeru bakin titi suna ɗaga hannu. A gangara mai tsawo sauko da giya inji ya riƙe motar. In ka kwanta a kan birki durom zai yi zafi ya daina kamawa. Bayan ratsa ruwa kuma ɗan taka birki sau biyu uku ya bushe.

Duk tsayuwa, zagaya motar kafin ka nufi shago. Kai bayan hannunka kusa da tsakiyar kowane wili ba tare da ka taɓa ba. Su huɗun su yi ɗumi iri ɗaya. In ɗaya ya fi sauran zafi sosai, ko birki ke kamawa ko boris ya fara ci. Leƙa ƙasa ko wani abu na ɗiga, shinshina ko akwai warin fetur. Kai ma direba a duba ka: babu na'urar sanyaya, kujerar leda tana ƙuna, ƙarar iska da salansa tana gajiyar da kai fiye da yadda kake zato. Sha ruwa tun ba ka ji ƙishi ba, shimfiɗa tawul a kujera. In ka ji ciwon kai da jiri da barci-barci, kada ka ɗauka gajiya ce kawai. Hayaƙin salansa na iya shigowa ta ramukan ƙasan mota ko ta but, kuma yana kisa. Sauke gilasai, tsaya, a duba.

A layin shiga fili, in allura ta fara hawa, sa giya a firi ka ɗan taka totur don fanka da famfon ruwa su ƙara juyi. Bai isa ba, kunna hita har ƙarshe da fankarta. Za ka sha wuya, amma hita ƙaramin lagireto ce, tana janye zafi. Mafi sauƙi dai shi ne ku tashi da sassafe ku riga cunkoso, ko ku tsaya cin abinci a wani gari ku iso bayan ya lafa.

Idan ta mutu

Fitar da ita daga kan titi gwargwadon iko, fasinjoji su fita ta hannun da ba motoci su tsaya nesa. Motar baya kaɗai za ta tsaya tare da kai. Sauran su wuce zuwa gidan mai ko mafita ta gaba su jira labari. Mota takwas jere a gefen babbar hanya da mutane suna kai da kawo neman wata musibar ce.

In tafasa ta yi, kada ka kusanci murfin lagireto sai hos na sama ya huce har kana iya matsa shi da hannu ka ji ba ƙarfi. Ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, yana buɗewa zai yi tsiri ya sale maka fuska. Kada kuma ka kwarara ruwan sanyi cikin inji mai zafi.

In kuwa shessheƙa ta yi ta mutu, kik yana juyawa amma ta ƙi tashi, tambaya biyu ce: mai ko wuta? Kashe makulli, cire murfin filtar iska, leƙa maƙogwaron kabireta, ka ja totur da hannu. Ka ga ɗan tsirin fetur ya feso, mai yana zuwa, koma kan wuta: kwayil da kondensa su ma zafi na kashe su, su farfaɗo in sun huce. Ba ka ga komai ba, to tururi ne ko filta ta toshe ko famfo ya gaza. Bar bonet a buɗe, jiƙa tsumma ka ɗora a kan famfon mai da bututunsa, ba ta minti ashirin zuwa talatin. In kuma warin fetur ya cika wurin, ta sha ta ƙoshi ne; danne totur har ƙasa ka riƙe, kada ka yi ta famfawa, sannan ka yi kik. Kada ka taɓa zuba fetur a kabireta wani yana kik kana leƙe.

Ku yanka wa gyaran gefen titi lokaci tun kafin a bar gida, misali awa ɗaya. Ya wuce, a kira janwe a kai ta zango. A filin akwai masu sayar da kayan gyara da mutanen da suka shekara arba'in suna kwance irin injinka, kuma a wannan taro ba a rasa mai miƙo hannu.

A fili, da dare, da hanyar gida

Ka samu wuri ka faka, buɗe bonet ta sha iska, tura kwalin nan ƙarƙashin inji. Yanzu ne lokacin tsumma da goge ƙwarin da suka manne a gaba, bayan jikinta ya huce. Motar wani kuwa ido ne naka, ba hannu ba. Kada ka jingina, ka kula da ƙarfen bel ɗinka da maɗaurin kyamara kusa da fentin mutane. Za ka ga 'yan kallo a bakin titi suna zuga direbobi su murza taya ta yi hayaƙi. Kada ka biye musu. 'Yan sanda na ba da tara a kai, an kuma sha ganin mota ta ƙwace ta yi cikin jama'a.

Da dare faka inda akwai haske, ku jera motocinku wuri guda, mafi tsada a tsakiya. Makullin tsofaffin motoci ba wani abin kirki ba ne, don haka sa sandar kulle sitiyari, ka kuma cire kan batir ko rota ka shiga da shi ɗaki. Da asuba, inji na sanyi, zaro kwalin ka karanta shi: baƙi man inji ne, ja man giya mai sarrafa kanta, kore ko ruwan lemo ruwan lagireto. Ɗigo biyu uku halin tsufa ne. Tabon da ya fi na jiya faɗi shi ake bi a gano tushensa kafin a tashi. Sannan baƙin mai, ruwa, man birki, iskar taya, ƙarfin fambel, notin wili.

Ranar ƙarshe kowa zai watse, kuma a nan ne mutane ke sakaci. Motar ta yi kwanaki tana aiki fiye da yadda ta yi a shekara, kai ma ka gaji, ga ɗokin gida, ga shi babu kowa a madubinka. Kada ka kama hanya a daren da aka tashi. Kwana, yi duban safiya kamar kullum, ka nemi wanda hanyarku ta zo ɗaya ko da ta rabin tafiya ce ku bi juna. In gida ya wuce tafiyar awa shida ko bakwai, raba ta kwana biyu, ka kuma tsara yadda za ka isa kowane masauki kafin magariba, domin fitilun motar 1965 ba a yi su don titin yau ba.